Abin Da Ya Sa Ake Ce Mini Ta Misira

Ba zan taɓa mantawa da sunan ɗan Kulu, ƙanwar mijina, a Kusada ba, ko da kuwa zan manta da sunayen jikokina, waɗanda dama yanzu sai na jero su kaf kafin in dace da wanda nake kira. A wurin sunan nan aka raɗa wa jariri nasa da sassafe, ni kuma aka raɗa mini nawa da hantsi. Tun daga ranar ake ce mini Ta Misira. Yaran yanzu suna tsammanin na taɓa taka ƙasar ne, har wata jikata ta tambaye ni ko a kan raƙumi na je. Ban je ba. Iyakata Katsina, ita ma ciwon ido ya kai ni. To, ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Zamanin Nasara ne, bayan an gama yaƙin nan da aka kwashi samarinmu, waɗanda ke da sauran kwana suka dawo da takalma masu nauyi da labarai marasa kan gado. Gyaɗa na da daraja, motoci na bi ta Kankiya suna ɗiba, kowace ranar kasuwa sai an ga wani sabon abu da ba a san sunansa ba. Ni kuwa ina amarya a Kaikai, ko haihuwar fari ban yi ba, ga ni da wata cuta da aka haife ni da ita: son in san abin da ke cikin abu. Tukunya in an rufe, sai na buɗe. Ƙulli in an ɗaure, hannuna ya dinga ƙaiƙayi ke nan. (Uwata ta ce tun ina rarrafe na taɓa ɗaga kaza daga kan ƙwai don in ga abin da take ɓoyewa. Tabon yana nan a goshina.)

Uwar mijina, wadda nake kira Inna, don har yau bakina bai iya ɗaukar sunanta ba, ita ce mai garin jego a duk yankinmu. Gari ne da ake zubawa a kunun kanwa na mai jego, ya wanke ciki, ya ɗaure baya, ya kawo ruwan nono. Mata na zuwa daga Kusada, daga Kafin Soli, har daga ƙauyukan da ban san hanyarsu ba. Kuma tana da wata ɗabi'a da ba ta taɓa sakewa. Kafin ta auna wa kowa, sai ta buɗe ƙwarya a gaban mai saye, ta dangwala yatsa, ta lasa, sannan ta jero sunayen itatuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: hano, kalgo, sabara, nonon kurciya, da kayan yaji. Ko wadda ta saya sau da yawa sai ta tsaya ta saurara. Ni a lokacin gani nake ɓata lokaci ne kawai. Abin da kowa ya san sunansa, kowa ke wucewa ta gindinsa in za shi gona, wane abin mamaki ne a cikinsa?

Aikina a gidan shi ne daka. Inna ta saro, ta shanya, ni in daka, in baza a tabarma ya sha iska, sannan a tankaɗe.

Sai in ba ku labarin jigidata, don ba ta rabuwa da wannan magana. Ina da taubashiya, Ladi, wadda aka aurar a Kusada, mace mai bakin da ba ya ajiye komai. Ranar da za a kai ni ɗaki ta kawo wata doguwar jigida 'yar Bida, baƙa wul, kowace ƙwaya da jan zare a gefenta. Ta raba ta biyu, ta ɗaura rabi, ta ba ni rabi, ta ce, "Ungo, kuyangata, don ki riƙa tuna uwar ɗakinki." Babu mai irinta a garinmu. Ina ji da ita ƙwarai.

Wata rana na gama daka mai yawa, na baza a tabarma, Inna ta shiga maƙwabta gaisuwa. Sai ga ɗan akuyarmu ya nufo shanyar daga wancan gefe. Maimakon in zagaya kamar mai hankali, sai na daka tsalle ta kan garin. Tsallake magani kaɗai babban laifi ne a gidan Inna. To ina cikin iska sai na ji tsit a ƙuguna. Zare ya tsinke. Ƙwayoyin jigida suka zubo ta ƙarƙashin zanena kamar ana shuka gero, suka nutse cikin garin.

Na durƙusa ina tsinta. Ban tsinci ko rabi ba sai na ji muryar Inna tana sallama da maƙwabta a zaure. Ku gaya mini, da wane baki amarya za ta kalli uwar mijinta ta ce abin ƙugunta ya zube a cikin magani? Na rarumi moɗa, na watsa wa garin ruwa, ya dunƙule.

"Mi ya samu garin, Amarya?" in ji Inna.

"Ɗan akuya ne, Inna. Ya yi fitsari."

Ta daɗe tana kallon tabarmar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Abin da ba zan iya lasa ba, ba ni ba wa ɗiyar kowa. Kwashe ki zubar." Daga ranar aka ɗaure ɗan akuyan a turke. (Duk sanda na wuce sai ya ɗago kai ya kalle ni. Har aka yanka shi da Layya ban iya haɗa ido da shi ba, naman ma ban ci da daɗi ba.)

Na kwashe a tsohon kwando, na nufi bayan gida inda muke zubar da shara ta kan danga. Ina shirin juyewa sai wata murya ta namiji, mai dusashewa, ta ce daga waje, "Baiwar Allah, kada ki zubar. Ba ni in yi wa jakina hayaƙi, ƙudaje sun hana shi sakat." Na ce masa ya lalace fa. Ya ce ai jaki ba ya tambaya. Na miƙa ta saman danga. Ban ga fuskarsa ba, hannu kawai na gani, da zoben azurfa a ƙaramin yatsa. Har na ji daɗi a raina, na ce ko ba komai na yi sadaka.

Damina ta wuce, aka yi kaka, aka sayar da gyaɗa, mata suka ɗan samu abin hannu. Sai ga Gwamma dillaliya, wadda ke shiga gida gida da zannuwa da tasoshi, ta fara zuwa da wani sabon kaya a ƙasan tallanta, a naɗe cikin tsumma. Ba ta fito da shi sai ta leƙa dama da hagu. Kwalba ce. 'Yar ƙarama, koriya, an toshe bakinta an liƙe da kakin zuma.

Ku da kuka taso kuna shure kwalabe a hanya ba za ku gane ba. A lokacin kwalba ko babu komai a cikinta dukiya ce. Balle a ce da magani.

"Maganin jego ne na Misira," in ji Gwamma, murya ƙasa ƙasa. "Wani malami ya zo da shi, ya yi shekaru a gabas, yana zama kasuwar Kankiya. Itacen da ake yinsa ba ya tsirowa a ƙasarmu, sunansa ma bakinmu ba ya iya faɗa."

Yana da dokoki kuma. Ba a shinshina shi kafin a saya. Ba a lasa. In aka fasa kakin a gaban wanda bai biya ba, albarkar ta tashi. Sannan babbar alamarsa: kowace kwalba ta gaskiya tana da ido a ciki. Wata 'yar baƙar ƙwaya ce, ɗiyar itacen, ita ke gadin ƙarfin maganin. Wanda duk ya kawo miki kwalba babu ido, in ji Gwamma, jabu ne, ki kore shi.

Kafin a yi nisa zance ya cika yankin. Wance ta sha, nononta har zuba yake. Wance ta sha, ta miƙe kamar ba ita ta haihu ba. Akwai waɗanda cikinsu ya ɗaure tamau, suka yi ta nishi, Gwamma ta ce ai maganin ne ke kokawa da cuta, a ƙara wata kwalbar. Aka ƙara. Ƙofar Inna kuwa ta fara yin shiru. Ƙwaryar da a da ba ta daɗewa sai ta zauna a cike, har na daina daka. Inna ba ta zagi kowa ba. Abu ɗaya na ji ta tambayi wata maƙwabciya da ta zo tana yabon kwalba: "Shi mai maganin, ya lasa a gabanku?" Matar ta ce ai ba a lasa. Inna ta ce, "To." Ta ci gaba da kaɗinta. Amma na ga yadda take zama da yamma tana kallon ƙwaryar, ta buɗe, ta rufe.

Ni fa? Ni tuwo ya daina yi mini daɗi. Mene ne a cikin kwalbar nan? Wane irin itace ne bakin mutum ba ya iya faɗar sunansa? Idon nan, yana gani ne? In an rufe kwalbar yana barci? Ban ƙi Inna ba, Allah ya sani. Cutata ce ta motsa. Ranar da Inna ta tafi daji saran itace, na ja Gwamma ɗakina, na sauko da tasa mafi kyau daga jerena, ta jan ƙarfe, wadda gwaggota ta ba ni, na miƙa mata. Ta miƙo mini kwalba. Na gyara sauran tasoshin don kada a ga giɓi.

Tana fita na fasa kakin. Garin ja ne, yana ƙamshin turare har ya hau kai. Na karkata kwalbar a tafin hannuna, sai ga ido ya faɗo. Na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Baƙi, siriri, da huji a tsakiya, da ɗan ja a gefe. Na juya shi, na sake juyawa. Zuciyata ta ce mini, kin san wannan abu. Na ce a ina? Na yi tunani, na yi tunani, daga ƙarshe na yanke cewa a mafarki na taɓa ganinsa, kuma wannan alama ce ta cewa ni da maganin muna da rabo. (Kada ku yi mini dariya tukuna. Wa ya taɓa kallon jigidarsa ƙwaya ɗaya, a tafin hannu, an ce masa daga Misira ta zo?)

Dama ina fama da ciwon baya tun daminar. Na ɗiba kaɗan na zuba a kunu. Yana da ƙasa ƙasa a haƙori, na ce haka ƙasar Misira take. Wallahi kafin a jima bayana ya saki. Na mayar da ido, na narka kakin na liƙe, na ɓoye kwalbar a cikin tukunyar jere.

Ana nan sai Kulu ta haihu. Kulu ɗiyar Inna ce, ƙanwar mijina, tana aure a Kusada, kuma wannan ba haihuwar fari ba ce, don haka a ɗakinta ta yi jego. Dangin mijinta kuwa duk mutanen kwalba ne. Har saƙo uwar mijinta ta aiko, wai kada Inna ta wahalar da kanta da ɗauko gari, zamani ya sake. Inna ta ji saƙon. Ta sa ni na yi sabon daka, ta tankaɗe da hannunta, ta rufe ƙwarya da faifai. Ranar suna ta ɗora a kai, muka kama hanya a ƙasa. Kowa ya san abin da ke cikin tafiyar nan. In aka dama kunun ɗiyar Inna da garin wani, a gaban matan Kusada, to Inna ta gama sayar da magani. Kowa ya sani, ban da ni. Ni ina bayanta da kwalba a ƙulle a bakin zane, ina ta shirya yadda zan burge jama'a, in nuna amaryar Kaikai ma ta san abin duniya.

Da hantsi tsakar gida ta cika. An ɗora tukunyar kunun kanwa, ana fito da kayan barka ana nunawa. Ladi na nan, don gidanta na maƙwabtaka, tana ta tsokanata wai na rame, ko tuwon Kaikai ba ya karɓata. Gwamma ma na nan da tallanta. Inna ta ajiye ƙwaryarta a gaban Kulu. Sai ni, baiwar Allah, na miƙe.

Na kwance bakin zane, na ɗaga kwalba sama yadda rana za ta haska ta. Na ce ga tawa gudummawar. Kuma ban tsaya nan ba. Na ba da labarin itacen, na ce a bakin wani kogi yake tsirowa, ba ya 'ya'ya sai shekarar da aka yi sa'a. Na ce malamin da ƙafa ya taho da shi, rairayi har gwiwa. Rabin abin da na faɗa ko Gwamma ba ta taɓa ji ba, tana dai gyaɗa kai. Na ce ni da kaina na sha, bayana ya warke.

Uwar mijin Kulu ta tafa hannu ta yi guɗa. "Madalla! Kun ji ko? Surukar mai magani ma ta gane gaskiya. Daga cikin gidan aka kawo mana shaida."

A nan ne na gane ɓarnar da na yi. Na juya na kalli Inna. Ba ta kalle ni ba. Ƙwaryarta take kallo.

Can ta miƙo hannu. "Miƙo wanga abu in lasa."

"Haba Inna, ai ba a lasa," in ji Gwamma. "Albarkar..."

"An riga an biya, ko ba a biya ba? Abin da za a ba ɗiyata, sai ya bi ta harshena."

Babu wanda ya iya hana ta. Ta ɓare kakin da farce, ta juye garin duka a kan faifai, ta dangwala, ta lasa. Ta rufe ido tana tauna. Mata suka matso, har masu tuƙa tuwo suka bar muciya.

"Jar ƙasa," ta ce. "Toka. Turare." Ta sake dangwala. "Can ƙasa kuma akwai hano. Akwai kalgo. Akwai sabara. Wanga haɗin gidana ne, an cika shi da ƙasa."

"Ayya Inna," in ji uwar mijin Kulu, tana murmushi, "kowa ya ga abu mai kyau sai ya ce nasa ne. In naki ne, ina kika samo ido? Garinki na da ido?"

Inna ta ture ƙwayar da yatsa. "Wannan kam ban san shi ba," ta ce.

Da maganar ta ƙare a nan, da Inna ta faɗi. Sai Ladi ta sunkuya. Ta ɗauki idon, ta hure shi, ta goga a zane, ta ɗaga. Na ga girarta ta tashi. Ta kalli idon, ta kalle ni, ta kalli ƙuguna.

"Kuyangata."

"Na'am."

"Ina jigidar da na ba ki?"

Na ce tana gida.

"Tana gida? Taho nan in taɓa." Kafin in kauce ta cafko ni ta shafa ƙuguna ta kan zane. Wayam. Sai ta juya wa ƙofa baya, dama mata ne zalla, ta sassauta nata zanen, ta jawo bakin jigidarta waje, ta ɗora idon Misira a kai. Baƙi da baƙi. Jan gefe da jan gefe. Huji da huji. Kamar uwa ɗaya ta haife su, don kuwa zare ɗaya suka fito.

"Jama'a!" Ladi ta ƙwala. "Ku taho ku ga Misira! Ashe Misira a ƙugun kuyangata take! Mu muna nan muna cewa sai an yi shekara ana tafiya, ashe daga nan zuwa Kaikai ne!"

A lokacin ne komai ya dawo mini a jere: tsalle, tsit, moɗa, kwando, hannu mai zoben azurfa, jakin da ba ya tambaya. Na zauna daɓas a ƙasa. Aka ce in yi bayani. Na ja mayafi na rufe fuska, na faɗi komai daga cikinsa, da 'yar murya kamar ta sauro, Ladi na maimaitawa da ƙarfi don na baya su ji, tana ƙara gishiri inda ta ga bai ji ba.

Na kai ƙarshe. Kowa na jiran Inna. Ni ina jiran a ce in tattara tasoshina in koma gidanmu. Inna, wadda tun da na zo gidanta ban taɓa jin ta yi wasa ba, ta numfasa ta ce:

"To. Ashe ɗan akuyan nan jigida yake ɗaurawa."

Gidan ya fashe. Wata ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki. Kulu na dariya tana kuka tana cewa a bari, jikinta bai warke ba. Maza daga zaure suka aiko a tambaya ko lafiya, aka rasa wadda za ta iya ba su amsa.

Sai dariyar ta fara juyewa. Wata ta dafe ƙirji ta ce ita fa haɗiye nata idon ta yi, don an ce ya fi ƙarfi. Wata ta ce ita a ruwa take jiƙa shi tana ba jariri. Wata 'yar Kafin Soli ta ce nata ta kai wa baduku ya ɗinke a fata, yana wuyan ɗanta yanzu haka. Waɗanda cikinsu ya ɗaure suka gane jar ƙasa suka yi ta sha. Aka yi ca a kan Gwamma. Ta rantse tana hawaye cewa ita ma ba ta taɓa buɗewa ba, an ce mata ba a buɗewa. Na yarda da ita. Inna ta ce a ƙyale ta, ta tambaye ta abu ɗaya: malamin yana da zobe? Ta ce yana da shi, na azurfa, a ƙaramin yatsa, muryarsa kuma a dushe take.

Uwar mijin Kulu ta miƙe. Ita da kanta ta ɗauko ƙwaryar Inna ta kai bakin murhu. Amma Inna ta ce a dakata. Ta buɗe faifai, ta kira ni.

"Amarya, ke kika daka. Taho ki lasa, ki faɗa musu abin da ke ciki."

Na rarrafo, fuskata kamar an shafa mata barkono. Na dangwala, na lasa. Na ce hano. Na ce kalgo, sabara, nonon kurciya, da kayan yaji.

"Babu jigida?" in ji Ladi.

"Babu."

"Mun shaida, Ta Misira."

Shi ke nan. Suna ya kama.

Da kasuwar Kankiya ta zagayo maza suka je neman malamin, suka tarar da gindin itacen da yake zama babu kowa. Labari ya riga su. Tasata ba ta dawo ba. Daga baya da mata suka riƙa fito da idanun kwalabensu ana gwadawa, sai aka ga ba duka ne nawa ba. Na farko farko ne nawa. Da suka ƙare masa sai ya sayi wata jigidar ya ci gaba, garin kuma a kwalaben ƙarshe ya koma ƙasa da toka zalla. Har yau ina so in san ranar da dabarar ta zo masa. Ya ga ƙwayoyin ne ya ji ƙyuyar tsincewa? Ko kuwa zama ya yi ya lura cewa mu mata mun fi yarda da abin da aka hana mu taɓawa? Da zan gan shi, kafin in tsine masa sai na tambaye shi.

A hanyar komawa Inna ba ta yi mini faɗa ba. Sai da muka hango rumbunan Kaikai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da kin faɗa mini, da tankaɗewa kawai za mu yi mu ba dabbobi." Na ce kunya ce, Inna. Ta ce, "Na sani. Ga ta nan kin sha ta gaba ɗaya."

Mata suka dawo ƙofarta. Wasu kuma, don Allah ku ji, suka riƙa roƙonta wai ta zuba musu a kwalba, ya fi shiga jiki. Ta ƙi. Ta ce ƙwarya a buɗe take, kowa ya leƙa. Da ƙarfinta ya ƙare ni ta bar wa ƙwaryar, na riƙe ta har nawa ƙarfin ya ƙare, kuma ban taɓa auna wa mace ba sai na lasa a gabanta na jero itatuwa.

Abu ɗaya ne har yanzu ban gane ba. Bayan nan nawa, me ya warkar da shi? Ɗan garin Inna da ya rage a cikin ƙasar? Hutun daka da na samu? Ko kwalbar ce kawai, da koren haskenta? Na tambayi malamai, na tambayi jikana da ke aikin asibiti, kowa da abin da yake faɗa.

Yanzu masu magani sun yi yawa, da mota suke zuwa, da lasifika, kwalabe har da hotuna, wannan daga Sin, wancan daga Hindu. In jikokina suka kawo mini, ba na musu. Nakan ce a koma a ce wa mai shi ya lasa, ya kuma faɗi sunan itacen. In ya ce sirri ne, to na san ƙasar da aka yi shi, na taɓa zama sarauniyarta.

Shi kuwa yaron nan na Kafin Soli, uwarsa ba ta cire masa layar ba, ta ce an riga an biya baduku. Ya girma, ya yi gemu, ya tara iyali, har limanci ya yi a unguwarsu. Duk sanda ya zo gaishe ni sai in sunkuyar da kai in amsa da ladabi. Yana tsammanin girmama malamai ne.